Sifana da Bututun Cikinsa

Sifana ake ce masa a layinsu, don ko dubiya zai je, da sifana a aljihun baya. Mai gyaran famfo ne, gajere, baki kamar rediyo, kuma yana da ƙa'ida guda da ba ya wasa da ita: bututun da ba ya yoyo, ba a taɓa shi. Mai gida zai ce a canza fayif, shi kuwa ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce, "Bar shi, wannan sai ya ga bayanmu ni da kai." Mutane na son sa don haka, ba ya sa su asara.

Da hantarsa ta gaza, yayarsa tela ce ta ba da ɓarin tata aka dasa masa. Ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba. Ta lulluɓe keken ɗinki da zani, ta kama hanyar asibiti.

Bayan aikin, hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji ta tsuke, daidai inda aka haɗa tasa da ta Yaya. Likita ta zana masa a takarda. Sifana ya washe baki, an zo fagensa.

"Wato mahaɗar ce ta matse! Likita, ashe aikinmu ɗaya."

Aka zura masa ɗan siririn bututun roba ta baki har wurin, ya buɗe hanya. Likita ta ce irin wannan yakan toshe, bayan 'yan watanni ya dawo a sa sabo. Ya ce to, irin ton da yake ce wa masu gida.

Lokaci ya yi, ya wuce. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Kin ga yoyo?" in ji shi. "To, ki bar kaza cikin gashinta."

Sai ƙaiƙayi ya fara. Yana kwance ƙarƙashin wani tanki, yana goga bayansa da siminti. Fitsari ya koma kamar shayi ba madara, idanu suka yi rawaya. Maganin da gogan ya samo shi ne baƙin tabarau.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, matarsa ta kira Yaya. Ta shigo da tef ɗin awo a wuya, ta zare tabarau ɗin, ta dubi idanun. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan.

An ciro tsohon bututun a toshe, an sa sabo. Likita ta ce ƙwayoyin cuta sun taru a bayan toshiyar, kaɗan ya rage hantar ta tafi. Da ya farfaɗo, ya tarar da Yaya a bakin gado tana ɓare lemo. Kunya ta kama shi, ya nemi mafaka a wasa.

"Yaya, kayan naki na da kyau, robar ce ba ta da ƙwari."

Ta ajiye lemon a kan faranti.

"Auta, na tambaye su tun kana barci. Na ce in wannan ta lalace, su sake yankar tawa. Suka ce sau ɗaya ake yi." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba ni da wata da zan ba ka."

Mai bakin rediyo ya juya ga likita, ya tambaye ta ranar da zai dawo canjin bututu.