Ranar da na goge mutanen tunga guda

Ko zan manta da komai a aikin malamar gona, ba zan manta da wata safiyar Laraba a Kaboji ba, ranar da na tsaya gaban manoma ina karanta sunaye na gane cewa da hannuna na goge kusan tunga guda.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai raba wa manoma irin masara kafin damina. Mun yi makonni muna bin ƙauyuka muna rubuta suna da lambar waya da ranar haihuwar kowa a takarda. Mayar da takardun nan cikin kwamfuta sati guda yake cin mu a ofishinmu na Kontagora. Ni kuwa ban daɗe da koyon manhajar AI ɗin nan da ake hira da ita ba, kuma gaskiya kaina ya kumbura. Na ɗauki hoton takardun na loda mata, ta karance rubutun hannun, har da na abokin aikina da ko shi ba ya iya karanta abinsa, ta jera komai tsaf. Oganmu ya sha ja mana kunne cewa hedikwata ba ta son mutum ya fito sau biyu. Sai na ce mata duk waɗanda lambar wayarsu da ranar haihuwarsu suka zo ɗaya, ta bar guda ta cire sauran. Ta cire, ta tambaye ni ko ina son in duba waɗanda ta cire. Ina! Wa ke da wannan lokacin? Na rufe kwamfuta na shiga tsokanar abokan aiki.

Ka'idarmu ita ce, kafin a tura sunaye sai an karanta su a ƙofar mai unguwa kowa ya ji da kunnensa. Ƙarfe biyu na ranar za a rufe karɓa, wanda sunansa bai shiga ba kuwa babu shi babu iri a shekarar. Ranar Larabar na karanta har ƙarshe na ɗago ina jiran a sa mini albarka. Sai wani dattijo Bakambare ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Malama, kin gama?"

Na ce, "Na gama, Baba."

Ya nuna mutanen da ke zaune a bayansa, maza da mata. "Mu fa? Tungarmu gaba ɗaya mutum biyu kika kira."

Wani daga bayan taron ya ce, "Ai mun san dalili." Na gane inda ya dosa, don mutanen tungar nan Kiristoci ne, ni kuma ga ni da hijabi. Aka fara guna-guni, wasu suka miƙe. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce kowa ya zauna, amma shi ma kallon da ya yi mini ba na wasa ba ne.

A tsaye nake abin ya faɗo mini. Tungar nan waya ɗaya ce, ta fastonsu, ita kowa ya ba mu. Ranar haihuwa kuma, duk wanda ya ce bai sani ba, ɗaya ga Janairu muke rubuta masa, mun saba. Manhaja ba ta yi ƙarya ba, abin da na sa ta shi ta yi. Takardun asali suna Kontagora, sabis kuwa babu ko ɗigo a wurin, ga sha biyu ta gota.

Abokin aikina ya tada babur na hau, muka nufi wani tudu a bakin hanya inda sabis ke ɗan kamawa. Dattijon ya ce ƙafarsa ƙafata, wani ya goyo shi a baya. A kan tudun na ɗaga waya sama, caji ya yi ja. Na rubuta wa manhajar ta dawo mini da duk layin da ta cire. Ta yi ta juyawa, sabis ya ɗauke, na sake. Ban san sau nawa na ce Innalillahi ba. Can sai ga su sun fito.

Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa. Wannan matar ƙanensa ce. Wannan mijinta ya rasu bara, ita ke noman gonar. Wannan da wancan sunansu ɗaya amma ba gidansu ɗaya ba. Bai bar ni na tsallake ko mutum guda ba, ni kuma ina satar kallon agogo kamar in yi kuka. Saura minti goma sha biyar a rufe karɓa na samu na tura cikakkun sunayen hedikwata.

Na zauna a ƙasa na ce, "Baba, ka yafe ni. Wallahi na'ura ce ta ɗauka mutum ɗaya ne."

Ya dube ni ya ce, "'Yata, na'ura ba ta taɓa zuwa tungarmu ba. Ke kin zo, kin sha ruwa a gidana."

Na fi son a ce zagina ya yi.

Sun samu irinsu, amma sai da aka shekara kafin matan tungar su sake sakin jiki da ni. Har yau ina aiki da manhajar, kuma tana rage mini wahala ƙwarai. Sai dai tun ranar na gane cewa ita rubutu kawai take gani, ni ce na san masu sunayen. Ko suna ɗaya za ta cire, sai na karanta shi da bakina na tuno fuskar mai shi tukuna.