Mutum uku a ƙahon Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da kashe yayana Sale a bakin rafin garinmu. Maharbi ne, yana cikin 'yan sa-kan da suka tare mahara ranar kasuwa. Maharan suka harbe shi a ciki, suka bi shi da adda, suka sare hannun da ke riƙe da bindigar. Da yatsansa mai lanƙwasa aka gane gawar. Abin da ya iso gare ni nan Riyad shi ne ƙahon albarushinsa, wanda ya gada daga kakanmu.

Ƙahon bijimi ne, ya yi ja don tsufa, jikinsa duk zane: bindigogi, raƙumi, sai jerin ƙananan mutane a kwance. Tun muna yara mun san kowane na kwance mutum ne da kaka ya kayar a yaƙi. Yaya kuwa kullum cewa yake wa Inna, "Ni sama nake harbawa, su tsorata su gudu." Da wannan maganar na riƙe zuciyata shekara bakwai.

Bana maigidana ya ce mu tafi da ƙahon zuwa Dira, inda ake sayar da kayan da, mu ji shekarunsa. Ko me Yaya zai ce in ya ga irinsa jere a kanti, Larabawa na taya su don ado a majalisi? Dariya zai yi, ya tambaya ko bango ma yana harbi.

A wani shago can akwai wani dattijo mutumin Damagaram, Baba Isufu, mai goge kayan. Ya shinshina bakin ƙahon, ya juya gindinsa. "Kin ga toshiyar nan, Hajiya? Da ƙusoshin itace aka kafe ta. Ya girmi ƙusar kanti, ya girmi uban maigidanki." Ya bi zanen da farce. Tsohon tsagi faɗi gare shi, in ji shi, aikin wuƙar maƙera, kuma gumi da hayaƙi sun cike shi ya yi baƙi. Da ya zo ƙarshen jerin sai ya tsaya. "Waɗannan ukun fa? Da reza aka yi su, cikinsu fari fat. Wa ya riƙe shi bayan tsohon?"

Na karɓi ƙahon muka fito. A mota na yi ta ganin mutum ukun nan a zuciyata: inda harsashin ya shiga, yadda suka faɗi, ko sun samu yin shahada, ko an kwashe su ko kuraye ne suka ci.

Kwana biyu ina juya yadda zan ɓoye wa Inna. Da na kira ta, na ce ta riƙa sa wasu mutum uku a addu'a, ban faɗi ko su wane ne ba. Sai ta ce, "Ke yanzu kika sani? Ni na wanke masa riga duk sau ukun. Kowane karo sai ya kwana uku bai ci tuwo ba."

Ban san yadda Allah zai auna shi ba. Garinmu yana nan saboda irinsu, kuma akwai uwaye uku da ban san sunansu ba. Yaya ya ɓoye mana da baki, amma bai yarda ya share mutanen nan ba. Ya zauna da reza ya yi wa kowannensu kai da hannaye da ƙafafu. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wanda ya tuba a cikinsu.