Gwaggo Tafireta da Baƙin Allo

Gwaggo Tafireta ake ce mata, don rabin rayuwarta a bakin kotu ta yi shi, tana buga wa mutane takardu. Da kwamfuta ta shigo, sana'ar ta mutu murus. Mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, aka bar ta a ciki da falo, daga ita sai ƙugin firji.

Ta haura hamsin lokacin da ta shiga karatun kwamfuta na daga gida. Ɗanta na fari ya aiko mata da tsohuwar kwamfutarsa mai tsagaggen murfi.

Aikin farko, malamin ya ce kowa ya sauke manhajar rubuta umarni, ya girka ta, ya sa kwamfuta ta rubuta gaisuwa a baƙin allo. "Kamar shan ruwa ne," in ji shi a bidiyon darasin.

Ta sauke, ta girka, ta buga umarnin. Kwamfutar ta ce ba ta san kalmar ba. Ta goge gilashin idonta ta bi harafi-harafi, babu kuskure. Ta sake, amsar ba ta sauya ba.

Ta ɗauki hoton allon ta tura zauren 'yan aji a waya. Duk sa'o'in autarta ne, hirar ƙwallo suke yi. Wani ya rubuta, "Sannu Mama," daga nan tambayar ta nutse.

Ta kira ɗanta na fari.

"Umma, ina wajen aiki. Ki kashe ki kunna."

"Na kashe na kunna har ta fara hararata."

Ya yi dariya. "To, zan kira ki."

Bai kira ba, ita ma ba ta riƙe shi a rai ba. Ta san yadda aiki ke cinye mutum.

Kwanaki ta yi tana maimaita bidiyon, tana tsayar da shi kaɗan-kaɗan. Wata safiya ta lura da wani ɗan akwati a ƙasan shafin girkawa, wanda malamin ya danna ya wuce bai ce uffan ba. Ashe shi ke nuna wa kwamfuta inda manhajar take. Ta cire komai, ta girka daga farko, ta danna shi, ta sake buga umarnin.

Fararen haruffa suka fito a baƙin allon: Ina kwana, Gwaggo.

Ita ta rubuta da hannunta, amma sai da ta amsa, "Lafiya lau."

Ta yafa mayafi ta leƙa waje ko za ta samu wanda za ta gaya wa. Layin shiru, sai wani makanike da ke kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta ce masa sannu da aiki, ya amsa daga can ciki.

Ta dawo ta tura wa malamin aikin. Shayinta ya huce, haka ta sha shi, ta buɗe darasi na biyu.