Ranar da Ragonmu Ya Tsere a Agege

Kafin maigidana ya aure ni, gudu ne sana'arsa. Mita ɗari takwas yake yi, wato zagaye biyu na fili, har ya sa rigar kore da fari ya wakilci Najeriya a ƙasashen waje. Ni dai ban taɓa ganin gudun ba. Mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 na tarar, ga ɗan tumbi, ga gwiwar hagu da likita ya ce in ya ƙara wahalar da ita sai dai sanda.

Yakan ce gudunsu ba na gaggawa ba ne. Bayan na gaba ake bi, ana sauraron numfashinsa, sai ya fara haki sannan a wuce shi. Nakan ce to, in ci gaba da tsintar shinkafata.

Babbar Sallar farko bayan sojoji sun koma bariki, Allah ya hore mana rago, na farko tun aurenmu. Ranar jajibere da hantsi wata motar haya, danfo, ta danna hon a ƙofar gida, ragon ya fizge igiya ya yi waje. Samarin layinmu suka rufa masa baya a guje suna ihu. Shi kuwa baban yara ya tsaya cire riga, har da ninke ta.

Na ce, "Baban yara, gwiwarka fa!"

"Riƙe mini wannan."

"To in bin sa za ka yi ka bi shi mana, ga shi can ya wuce gidan burodi!"

"Ƙyale shi, mansa yake ƙonawa."

Sai ya fara wata 'yar sassarfa kamar wanda aka aika bai so ba. Iya, Bayarabiyar da muke haya a gidanta, ta riƙe ciki don dariya.

"Oga, haka kuka yi wa Najeriya gudun a Turai? Shi ya sa!"

Na yafa mayafi na bi su ina salati. Wallahi ban san wanne nake roƙa wa Allah ba, ragon ko gwiwar. A bakin layin dogo na tarar da samarin sun dafa gwiwoyi suna haki. Can nesa na hango baban yara daf da bayan ragon, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Da ragon ya fara tangaɗi, sai na ga mutumin nan ya miƙe, ƙafafunsa suka buɗe, kansa ko motsi ba ya yi. Ashe haka yake. Hawaye suka zubo mini a tsakiyar titi.

A kan okada suka dawo, ragon a cinyarsa. Gwiwar ta kumbura suntum. Na gasa ta da ruwan zafi. A zaune ya yi sallar Idi, sandar kuma sai da ya riƙe ta har bayan damina.

Da aka zo yanka, ya daɗe yana shafa wuyan ragon, sannan ya miƙa wa liman wuƙar.

"Malam, yanka mana. Wanda muka yi tsere tare, ba zan iya ba."

Ya ɗingisa ya shige ɗaki. Ni ma na bi shi.