Jinkirin da na yi wa mai sayen riɗi

Shekarun baya, kafin furfura ta gama cinye mini gemu, fataucin riɗi nake yi. Ina karɓa daga hannun manoman garinmu bisa amana, in tara a sito nan unguwar Gudu, in tura ƙasar waje. Sai kuɗi sun shigo nake sallamarsu.

Akwai wani kamfani na ƙasar waje da muka daɗe muna ciniki. Da aka ƙaƙaba wa ƙasarsu takunkumin tattalin arziki, banki ya ce mini ba a hana sayar musu da abinci ba, sharaɗi dai su riƙa biya cikin wa'adin da aka yanka. Na gyaɗa kai. Maganar wa'adin kuwa na ɗauke ta ƙa'idar 'yan boko ce kawai.

Rannan wakilinsu ya kira ni, da Larabcinsa gurgu irin nawa. Ya ce abubuwa sun yi musu tsanani, in ƙara musu lokaci. Ni kuwa tun a zauren malam aka koya mana cewa wanda yake cikin ƙunci jinkiri ake yi masa. Na ce, "Ba komai, sai sa'ad da Allah ya hore." Na ajiye waya ina murmushi, har na fara hango lada.

Bayan watanni suka turo kuɗin, amma shiru ba su iso ba. Sai ga kira daga banki, wai in zo ofishinsu na Garki.

Jami'ar da ta karɓe ni ba ta girmi 'yata ba. Ta ce, "Baba, kuɗinka sun maƙale a bankin waje. Sun ce ka ba kamfanin nan rance."

"Rance kuma? Riɗi fa na sayar."

"Tunda ka bar su suka wuce wa'adi, a wurinsu bashi ka ba su. Shi ne abin da takunkumin ya hana."

"'Yata, sauƙi na yi wa mutum."

"Na sani, Baba. Su ba ruwansu."

Ta ce an rufe asusuna sai an gama bincike, kuma idan abin ya ɓaci, babu bankin da zai sake hulɗa da ni. Da na fito na kasa tuna inda na ajiye mota.

Na wuce Apo wurin abokina mai sayar da kayan gyaran mota. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yanzu kai ne kake ba ƙasashe rance? Kai da muke rigima a kan kuɗin shayi?" Ya yi dariyarsa, ni ban iya ba.

Damina tana ƙaratowa, manoma suna jiran kuɗin taki. Duk sa'ad da waya ta yi ƙara sai in ɗauka ɗaya daga cikinsu ne. A salla ma sai in tsinci zuciyata a Garki. Kawuna, wanda riɗinsa ya fi na kowa yawa a kayan, ya kira ya ce, "Ba matsa maka muke yi ba, ɗana. Hadari ne ya fara haɗowa." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na sayar da filina na bayan gari a wulaƙance, na sallami manoman kafin shuka. Kuɗin da suka maƙale ba su fito ba sai bayan kaka, da sharaɗin in yanke hulɗa da kamfanin, ko gaisuwa.

Alhamdu lillahi, ya wuce. Har gobe ina yi wa mutane jinkiri a kasuwa, don ban yarda laifi ba ne. Na dai gane cewa akwai masu hukunci da ba sa tambayar niyya.

Abu ɗaya ne yake sosa mini rai har yau. Ana gab da azumi wakilin nan ya kira, na san godiya zai yi. Ina zaune a ƙofar sito, ina kallon lambarsa, har wayar ta gaji ta yi shiru.