Baba Ubaidullahi Da Buhunan Mutanen Runka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ubaidullahi Ya'u, tsohon ma'aikacin haraji, a gidansa da ke Safana.

Baba, ni ne Sharhabilu mai shagon hatsi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na riƙe abin da idona ya gani.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Runka, manoma suka riƙa kawo mini gero da dawa ajiya a ɓoye. Da masu ƙiyasta haraji suka zo, suka ƙirga buhu ɗari da sittin. Nawa ashirin ne kacal. Suka ce na waye sauran, na ce nawa ne. A lokacin, wanda aka ji yana da buhu talatin, shi 'yan bindiga za su ɗauke su nemi kuɗin fansa. Aka yanka mini harajin da ko na sayar da shagon ba zan iya biya ba.

Na same ka a ƙofar gida kana gyaran rediyo. Ka saurare ni har ƙarshe, sannan ka ce, "Kai Sharhabilu, ka zama Alhaji ba mu sani ba? To hukuma ribarka take tambaya, ba amanar mutane ba."

Washegari ka zo da littafi, muka bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Kowane manomi da alamarsa: wani gicciye da gawayi, wani jan tsumma a bakin ɗinki. Alamomin ka rubuta, babu suna ko ɗaya, liman ya sa hannu. Ka sa na haɗa rasit na hayar shago, da kuɗin mota, da maganin ƙwari, ka nuna mini yadda ake cire su kafin a kai ga riba. Sau uku ka raka ni ofis a bayan babur, ƙafarka a kumbure. A zuwa na biyu wani jami'i ya ce sai an kawo sunaye. Ka ce masa, "Ɗana, sa nawa. In an zo ɗauka, a fara da ni." A na uku aka gyara takardar.

Na biya abin da yake kaina. Shagona na nan, kuma har yau babu wanda ya ji sunan mai buhu ko ɗaya. Takardar bana ni zan cike ta da hannuna kafin ƙarshen Maris, na kuma san zan iya.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanka, Inna Zuwairatu, da Uwaisu, da Mardiya, Allah Ya ba ku haƙuri. Yadda ka rufa asirin mutanen Runka, Allah Ya rufa naka ranar hisabi. Amin.