Buhun Katantanwar da Ya Zo daga Ikko

Akwai abin da na aikata da bakina wanda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba. Ya faru ne a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, lokacin da duk katangar lungunmu a Goron Dutse ta cika da hotunan 'yan takara. Yau ga ni da jikoki, amma in na tuna sai kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Sana'ata saƙar faifai da mafici ce, wajen kakata na koya. A wancan lokacin, daga unguwarmu har Shahuci, da wuya a yi wa amarya jere ba a zo an ɗauki faya-fayaina ba. Na iya haɗa launi, hannuna kuma yana da tsafta. Na saba da yabo har na ɗauka haƙƙina ne, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana za a wuce ƙofata a tafi wajen wata ba.

Ina da ƙanwa, 'yar ƙanin mahaifina, gida ɗaya muka tashi, ni ce ma na koya mata riƙe basilla. Soja ta aura suka tafi Ikko, suka daɗe a can. Daga baya aka tura mijin yaƙi wata ƙasa, ya dawo ƙafa ɗaya ba ta aiki, aka sallame shi. Suka tattaro da yaransu uku suka dawo, aka ba su ɗaki a babban gidanmu. Ranar da muka je yi musu sannu da zuwa, cikin kayan da aka sauke har da wani buhu mai nauyi. Da aka kwance bakinsa sai ga katantanwa da wuri da ɓawon wasu halittun ruwa da ban san sunansu ba, farare da ja-ja da masu zane kamar an yi da alƙalami.

Na yi dariya na ce, "Mutane na dawowa daga Ikko da atamfa, ke kin kwaso mana ɓawo."

Ta yi murmushi ta ce, "Yaya, ba za ki gane ba. Lokacin da yake wajen yaƙi, in zaman bariki ya ishe ni sai in kwashi yara mu tafi bakin teku. Su yi ta wasa da yashi, ni in yi ta tsinta. Da shi na rage tunani."

Ban sake bi ta kan buhun ba sai bayan wata biyu, da na shiga ɗakinta na tarar da abin da ta yi. Ta samo katako ta shafe shi da shuni, ta liƙa madubi a tsakiya, ta kewaye shi da ƙananan katantanwa a jere. A ƙasa ta manna yashi da gam, ta ja farin zare a karkace, wai haka igiyar ruwa take in ta taso. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba, sai na ji kamar iskar wurin tana taɓa fuskata. Gaskiya ban taɓa ganin ado mai kyau irinsa ba. Ta tsaya tana kallona, tana jiran abin da zan ce, don ni ce malamarta. Na taɓe baki na ce, "Ba laifi."

Kafin a jima labari ya zaga. Iyayen amare suka fara zuwa wajenta. Ta ma fara saƙa faifai tana yi masa baki da wuri, da irin ɗinkin da ni na koya mata. Mijin yana zaune a soro yana yanka mata katako yana gogewa, mutumin da tun dawowarsu ba ya ko ɗaga kai, sai ga shi ana hira da shi. Kamata ya yi in yi murna. Amma duk madubin da na ga an fito da shi daga gidan sai in kau da kai. Ranar da abin ya fi ƙona ni, wata Hajiya da ta shekara goma tana sayen kayana ta yi sallama gidana, na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa, ashe kwatancen ɗakin ƙanwata ta zo nema.

Ana cikin haka sababbin shugabanni suka kama aiki, aka ce za a yi baje kolin sana'o'in mata, kowace unguwa za a ɗauki mace ɗaya. Matar kansilanmu ce ta zo dubawa. Na kwana uku ina shirya mafi kyawun aikina. Ta duba ta yaba, sannan ta wuce ɗakin ƙanwata. Ina tsaye a bayanta na ji ta ce, "Wannan shi ne sabon abu. Faifai kam kowace unguwa akwai."

Kwana biyu bayan nan aka yi suna a maƙwabta. Muna zaune ana cin waina, mata suka ɗauko zancen madubin, kowa na yabo. Ban shirya maganar ba, amma ba zan ce suɓutar baki ba ce, don na san abin da nake yi. Na rage murya na ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma wuri da kayan cikin teku, kun san su wa ke aiki da su. Ni ba zan rataye wa 'yata a ɗaki ba."

Wata ta ce, "Ke da kike 'yar'uwarta ai kin fi mu sani." Na ci gaba da cin wainata.

Cikin mako guda maganar ta girma har ni na kasa gane ta. Aka ce aljanin ruwa ta ɗauko daga Ikko. Aka ce ƙafar mijin ma ita ta bayar. Wata amarya ta yi ciwon kai, uwarta ta ciro madubin ta aiko da shi a naɗe cikin tsumma. Sauran ma suka bi sahu. Matar kansila ta aiko a kira ni, ta ce ba ta son abin da zai jawo wa maigidanta surutu, ni zan wakilci unguwa. Da zan ce ban ji daɗi ba, da na yi ƙarya. Na ci ado na je, aka ɗauke mu hoto, aka ba ni takardar yabo. Ranar har rangaji nake yi.

Washegari da hantsi na nufi babban gida don in nuna wa gwaggonmu da ke zaune a can takardar. Hanyar tana bi ta bakin wani kududdufi. Daga nesa na hango mace a tsaye tana zazzage buhu a cikin ruwan. Kafin in ƙarasa ta gama. Ƙanwata ce. A gefenta ga katakan nan masu shuni a tare, duk an ɓamɓare adonsu. Wasu fararen katantanwa suna yawo a kan koren ruwan, tsakanin ledoji.

Na ce, "Me kika yi haka?"

Ta kakkaɓe buhun ta naɗe. Ta ce, "Babbar 'yata kwana huɗu ba ta je islamiyya ba, wai 'yar aljana suke ce mata. Babansu ya daina zama a soro. Ya ce gara mu kwana da yunwa."

Na buɗe baki zan ce mutane ba su da kirki, sai ta dube ni. Ba fushi a idonta, gajiya ce kawai.

"Na san ke ce, Yaya. Tun ranar sunan aka gaya mini."

Na ce, "To me ya hana ki zo ki same ni?"

Ta ce, "Jira nake ki zo da kanki. Kullum in na ji sallama sai in ce ke ce."

Ta ɗauki katakanta ta wuce. Ni kuwa ina nan tsaye da takarda a cikin mayafi, na rasa inda zan sa kaina.

Daga ranar na shiga bin gidaje. Duk matar da ke wurin sunan nan sai da na same ta na ce ƙarya na yi, hassada ce ta sa ni. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ai ga shi nan, ni ma ta shanye ni. A nan na gane fitar da magana ya fi mayar da ita sauƙi nesa ba kusa ba. Na je na durƙusa gabanta da mijinta na nemi gafara. Ta yafe mini tun kafin in rufe baki, shi kuwa sai da ya ɗauki lokaci, kuma ban ga laifinsa ba.

Ta koma tuyar ƙosai, da shi ta riƙe gidan har yaran suka girma. Bayan wasu shekaru na samu wani direban babbar mota da ke zuwa Ikko, na ce mata zan sa ya kawo mata katantanwa ko buhu nawa take so. Ta girgiza kai ta ce, "Bar shi, Yaya. Waɗancan ni na tsince su, na san ranar da na ɗauki kowacce." Har Allah Ya karɓi ranta ba ta sake yin madubi ko ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne, ƙanwata ba ta rage ni da komai ba. Hannuna yana nan, basirata tana nan, kasuwar ma da ta ishe mu mu biyu. Ni ce na ɗauki baiwar da Allah Ya ba ta a matsayin asarata. Shi ya sa har yau, in na ga aikin wata ya fi nawa kuma na ji zuciyata ta fara tafasa, nakan yi sauri in ce mata ya yi kyau, da ƙarfi, a gaban mutane, kafin bakina ya samu damar faɗin wani abu dabam.